An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Rashin Haihuwa da Zancen "'Yan Kwalba"

A ƙasar Hausa, in aure ya shekara biyu amarya ba ta yi ko ɓatan wata ba, ba a zama a binciki inda matsalar take, domin tun kafin a tambaya an riga an yanke hukunci. Shekarar farko ana bin cikinta da kallo a gidan biki da gidan suna. Ta biyu a fara aiko mata da rubutu a galan da ƙullin garin magani daga ƙauye. Kafin ta uku ta ƙare uwar miji ta kira ɗanta ɗaki, ta ce ita fa tana so ta ga jikokinta kafin ta koma ga Allah, ba za ta zuba ido wata ta zo tana ci tana cika musu masai ba. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To Hajiya, duk yadda kika ce." Sai neman aure. A duk tsawon wannan tafiya babu wanda ya ce wa mijin ya je asibiti a duba shi, shi ma abin bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Harshenmu ma ya zaɓi ɓangare. Kalmar "juya" ko yaro ya san ta, ya kuma san wadda ake jifa da ita. Sunan namijin da ba ya haihuwa kuwa sai an tsaya an yi lalube. Mutum zai auri ta biyu shiru, ya ƙara ta uku shiru, sai a ce uwargida ce ta shiga malamai ta ɗaure mahaifar gidan. Ya saki ɗaya ta yi aure a wani wuri, shekara ba ta zagayo ba ta haihu, sai a ce ai dama jininsu ne bai haɗu ba. Kowane bayani karɓaɓɓe ne, in dai ba wanda zai kai ga Alhaji ba.

Ga abin da likitanci ya tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na baligan duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta a wannan ba ta taka kara ta karya ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne shekara guda ana zaman aure ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai samu ba. Idan aka binciki irin waɗannan ma'aurata, a kusan rabinsu ana samun hannun namiji a matsalar, ko dai shi kaɗai ko tare da matar. Rabi fa. Amma je ka layin likitan mata a kowane babban asibiti ka ƙirga mazan da suka zo da matansu don a duba su tare.

Abin takaicin shi ne gwajin namiji ya fi komai sauƙi da araha. Ya ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a ɗan mazubi, a duba a madubin likita a ƙirga ƙwayoyin, a ga yadda suke motsi da yadda siffarsu take. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙasan iyaka a wajen ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Shi ke nan. Mace kuwa sai an ɗebi jini a ranakun da aka ƙayyade na al'adarta, a yi sikanin, a tura mata ruwa mai launi ta bakin mahaifa a ɗauki hoto don a ga ko hanyoyin ƙwanta a buɗe suke, gwajin da duk wadda ta yi shi ba ta manta zafinsa. Ita ake turawa ta sha wannan duka, shi yana shago.

Dalilin gudun bai wuce ɗaya ba: an cakuɗa ƙarfin namiji a shimfiɗa da iya haihuwa, alhali abubuwa biyu ne daban. Mutum zai iya zama lafiyayye garau wajen biyan haƙƙin iyali, ruwa ya fito kamar na kowa, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Hangum da ya kama shi bayan ya balaga ya sauka a maraina, ko kumburin jijiyoyin maraina, ko ciwon sanyin da aka sha kafso biyu aka ce ya warke, kowanne yana iya jawo haka. Wani abin ma da hannunsa yake saye: allurai da ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin testosteron, waɗanda ake sha don ƙarin kuzari ko gina jiki, suna sa maraina su rage ƙera maniyyi, wani lokaci su tsaya cak.

A ɓangaren mata, babban abin da ke hana haihuwa a nahiyarmu toshewar hanyar ƙwai ce, kuma mafi yawanta daga cutar da ba a yi wa magani da kyau ba take tasowa: ciwon sanyi da danginsa, ƙwayoyin cutar da suka shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta, har da tsargiya a garuruwan bakin ruwa. Kada mu wuce wannan da sauri. Yarinyar da aka kawo gidan miji lafiya lau, daga ina ciwon sanyin ya same ta? Sau da yawa wanda ya kawo mata cutar da ta toshe ta shi ne zai yi mata kishiya saboda ba ta haihu ba.

Sai an san yadda ciki yake samuwa kafin a gane me toshewar take nufi. Kowane wata ma'ajiyar ƙwai takan saki ƙwai guda, wanda bai fi ɗigon alƙalami ba. Wani siririn bututu mai tsawon kamar santimita 10 ya cafke shi. A cikin wannan bututun, ba a mahaifa ba, maniyyi yake tarar da shi, kuma ƙwan bai fi kwana guda yana jira ba. In an dace sun haɗu, ɗan tayin ya gangara cikin kwana uku zuwa huɗu ya isa mahaifa, ya maƙale. To idan tabo ya liƙe bututun nan na dama da na hagu, ƙwai yana nan lafiya, maniyyi yana nan lafiya, mahaifa tana nan lafiya, hanya ce kawai ta yanke. Babu tsimi, babu jiƙo, babu hayaƙin da zai buɗe tabon da ya riga ya warke a liƙe.

Amma kasuwar masu cewa za su buɗe ta ba ta taɓa mutuwa ba. Suna nan da mota da lasifika a bakin tasha, suna nan a gidajen rediyo sun sayi fili, yanzu kuma sun cika TikTok da Facebook. Kowace matsala sunanta "sanyi" ko "jinnul ashiƙ", kowane magani kuma kwalba uku ne, a sha a dawo. Ana ba mata abin da za su cusa a gabansu, wani ya ƙone fatar wurin ya bar tabon da ya fi na farko. A wasu ƙauyuka har yanzu wanzami ko ungozoma kan yi yankan gishiri da sunan buɗe hanyar haihuwa, wata ta ƙare da yoyon fitsari. A kudu abin ya kai inda sashen binciken BBC na Afirka ya bankaɗo a 2024, a jihar Anambra, masu yi wa mata allurar da ke kumbura ciki, su ce musu ciki ne ɓoyayye da sikanin ba ya gani, a ƙarshe a miƙa musu jaririn da aka sayo. Kuɗin da ake asara ba shi ne babbar ɓarnar ba. Shekaru ne. 'Ya mace da ƙwanta take zuwa duniya, tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu, kafin ta balaga sun ragu zuwa dubu ɗari uku ko huɗu, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya. Daga shekara 35 yawansu da ingancinsu suke zubewa da sauri. Matar da aka yi ta yawo da ita gidan masu magani tun tana 24, ranar da za a kai ta wurin likitan gaske tana 39, an riga an cinye mata abin da kuɗi ba ya sayowa.

Ba kowa ne yake buƙatar babban aiki ba. Wata ƙwayar magani ce ta 'yan kwanaki za ta sa ƙwanta ya riƙa fita a kan lokaci. Wata ƙari ne a mahaifa za a cire. Wani tiyata ce ƙarama a maraina. Wasu kuma a tace maniyyin mijin a zuba shi kai tsaye cikin mahaifa ranar da ƙwai zai fita. Sai waɗannan sun gaza, ko kuma tun farko an ga ba za su yi ba, ake zancen dashen ƙwan haihuwa, wanda likitoci ke kira IVF, mu kuma muka laƙaba wa 'ya'yansa "'yan kwalba".

Matar da aka fara yi wa aikin aka dace, Lesley Brown, irin matsalar da muka bayyana ce da ita: hanyoyin ƙwanta a toshe, shekara tara tana nema. Likitan mata Patrick Steptoe, da masanin halittu Robert Edwards, da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy, sun shafe shekaru suna gwadawa suna faɗuwa kafin ranar 25 ga Yuli, 1978, da aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila. An yi ta surutu a lokacin, wasu na cewa dodo za a haifa. Louise ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta ba tare da an yi mata dashe ba. Edwards ya karɓi kyautar Nobel a 2010, lokacin abokan aikinsa biyu sun riga sun rasu. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haihuwar Louise, wani likita a Kalkata ta Indiya, Subhash Mukhopadhyay, ya yi irin wannan nasara da kayan aiki marasa yawa. Hukumomin jiharsa suka ƙaryata shi suka wulaƙanta shi, ya kashe kansa a 1981, sai bayan mutuwarsa aka yarda gaskiya ya faɗa. Zuwa 2018 an ƙiyasta yaran da aka haifa ta wannan hanya a duniya sun haura miliyan 8. A Najeriya ma ba baƙon abu ba ne: Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru sun fara aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980, kuma a 1998 aka haifi yarinya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada.

Yadda ake yi kuwa babu wani siddabaru a ciki. Tunda hanya ce ta yanke, sai a zagaye ta. Da farko matar za ta yi allura kullum na tsawon kwana takwas zuwa sha huɗu, ta sinadarin da jikinta dama yake amfani da shi wajen nunar da ƙwai, sai dai an ƙara yawansa don ƙwai da dama su nuna a tare maimakon guda. Ana bin ta da sikanin ana auna girmansu. In sun kai, a yi mata allura ta ƙarshe, bayan awa 34 zuwa 36 a ba ta maganin barci mai sauƙi, likita ya bi ta farji da siririyar allura yana kallon na'ura, ya zuƙo ƙwayayen. Aikin bai fi rabin awa ba, ba a yanka ciki, a ranar take komawa gida. A wannan safiyar mijin yake ba da nasa. A ɗakin gwaji a haɗa su a wani ɗan faranti mai ruwan da aka haɗa shi daidai da na cikin bututun mace, a sa a na'urar da ke riƙe ɗumi a digiri 37, ɗumin jikin ɗan Adam. Washegari a duba waɗanda suka haɗu. A kwana na uku ɗan tayi ya rabu zuwa ƙwayoyin halitta kamar takwas, a na biyar sun haura ɗari. Sai a ɗauki mafi kyau a cikin siririn bututun roba a ajiye shi a mahaifar uwarsa, aikin minti kaɗan da ko maganin barci ba ya buƙata. A ba ta maganin da zai taimaka wa mahaifa ta riƙe, bayan kamar mako biyu a gwada jini. Ragowar 'yan tayin masu kyau a daskarar da su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko da za a sake gwadawa, ko a dawo neman ƙane.

Maza su saurari wannan da kyau. Tun 1992, a birnin Brasels na Beljiyam, aka samo dabarar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak da allurar gilashi a soka ta cikin ƙwai. Wanda ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci, ko ba sa motsi, har ma wani wanda ba a ga komai a ruwansa ba amma aka samo 'yan kaɗan a cikin marainansa, yana iya samun ɗa na jininsa. Wato mutumin da yake gudun gwaji don kada a ce ba ya haihuwa, ƙofar da za ta iya kai shi ga haihuwar yake gudu.

To ina kwalbar take? Kwana uku zuwa biyar a faranti, wata tara a cikin uwa, da laulayi da kumburin ƙafa da naƙuda ko tiyata kamar kowa. Wannan suna na "ɗan kwalba" ya yi ɓarna ba kaɗan ba, domin ya sa mutane suna zaton wani abu ne ake ƙerawa a masana'anta, ba ɗan Malam wane da Malama wance ba. Shi ya sa masu hali suke tafiya Masar ko Indiya ko Dubai da sunan hutu ko duba lafiya, a dawo bayan 'yan watanni a yi sunan tagwaye, a ce addu'a ce ta karɓu. Addu'a ta karɓu, babu musu. Amma sun ɓoye sababin da Allah ya karɓa ta hanyarsa, suka bar 'yar'uwarsu mai ƙaramin ƙarfi tana ci gaba da shan jiƙo tana zaton tata addu'ar ce ba ta isa ba. Ba mu ce dole kowa ya tallata sirrin gidansa ba. Muna cewa a daina yi wa masu neman hanya ƙarya in sun zo tambaya.

Sai maganar da ake rufe baki da ita: wai haramun ne, shisshigi ne cikin ikon Allah. Masu faɗin haka sun makara da fiye da shekara arba'in. A 1980, shekara biyu kacal bayan haihuwar Louise, Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, wanda daga baya ya zama Shaihul Azhar, ya ba da fatawar halaccin aikin in dai ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna batun a 1984 da 1985. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta jera siffofi bakwai na wannan aiki, ta haramta biyar, ta halatta biyu idan akwai buƙata. Ƙa'idar a bayyane take: ƙwan mata, maniyyin miji, mahaifar ita matar, kuma igiyar aure tana nan ba a rabu ba, ba a mutu ba. Ƙwan wata, ko maniyyin wani, ko aron mahaifa, duk an rufe ƙofarsu saboda kiyaye nasaba. Har batun da zai fi zuwa wa Bahaushe a rai sun taɓo: a ɗauki ɗan tayin uwargida a dasa wa amarya, tunda miji ɗaya ne. Majalisar Makka ta fara halatta shi a 1984, ta janye a shekarar da ta biyo baya, saboda ita amaryar tana iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa gane ɗan wace ce. Malaman da suka bi abin daki-daki har zuwa nan ba su ga shisshigi a asalinsa ba. Cocin Katolika ce ta ƙi aikin gaba ɗaya, ta kuma bayyana haka a 1987, kuma Kiristan da ke bin ta yana da hujjarsa da za a girmama. Amma mai wa'azin da zai hau mumbari a Kano ko Zindar ya ce Musulunci ya hana, sai ya faɗa mana wace majalisa ya fi sani.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan masu zancen shisshigi ita ce yawan faɗuwar aikin. Likita yana iya haɗa ƙwai da maniyyi, ba ya iya sa su zama ɗa. Alƙaluman Birtaniya na 2019 sun nuna cewa a matan da ba su kai 35 ba, kashi 32 cikin ɗari na 'yan tayin da aka dasa ne suka kai ga haihuwa. Tsakanin 38 da 39 kashi 19 ne, tsakanin 40 da 42 kashi 11, daga 43 zuwa sama kuwa bai wuce 5 ba. Wannan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. Wanda ya shuka gero ya sa taki bai ƙwace ikon saukar da ruwa ba.

Waɗannan alƙaluma su ne kuma sandar da za mu juya kan su masu asibitocin, domin ba za mu tsame boka mu bar ɗan kasuwa mai farar riga ba. Duk cibiyar da ta ce wa mace 'yar shekara 42 tana da tabbacin nasara da ƙwanta, ko ta buga talla da kashi 70 ko 80 ba tare da ta faɗi shekarun matan ba, ko ta ƙirga gwajin ciki a matsayin nasara alhali jariri a hannu ake nema, yaudara take yi. Akwai masu dasa 'yan tayi uku ko huɗu a lokaci guda don sunansu ya fito, su bar mace da cikin 'yan uku, da hawan jini, da bakwaini a garin da kwalabar jarirai ba ta wadata ba. Nan ne ma kwalba ta gaskiya take shigowa. Allurar nunar da ƙwai ita ma tana da haɗarinta: wata ma'ajiyar ƙwanta kan kumbura, ruwa ya taru a ciki, har a kwantar da ita. Dole a faɗa wa ma'aurata wannan tun kafin su sayar da fili. Sannan tsoron da malamai suka nuna na cakuɗuwar nasaba tsoro ne na gaske. Wa yake tabbatar da cewa farantin da aka rubuta sunanka naka ne? Wa zai hana ma'aikacin da ya ga maniyyin miji ba zai yi ba ya sa na wani a ɓoye don a ce asibitinsu ya iya aiki? Wa yake kare 'yan matan jami'a da talauci ke kaiwa sayar da ƙwansu sau da yawa ba tare da an gaya musu abin da zai iya biyo baya ba? Birtaniya ta yi doka a 1990 ta kafa hukuma ta musamman da ke ba cibiyoyin nan lasisi, tana shiga tana dubawa, tana wallafa sakamakon kowace cibiya kowa ya gani. Najeriya, da ta fi shekara talatin tana wannan aiki, ba ta da irin wannan hukuma ta ƙasa. 'Yan majalisarmu da ke iya kwana suna muhawara a kan kuɗin motocinsu ba su ga wannan a matsayin abin gaggawa ba.

Ga kuma tsada. Zagaye ɗaya miliyoyin naira ne, daga aljihu, kuma sau da yawa sai an maimaita. Yawancin cibiyoyin suna Legas da Abuja, don haka mutumin Gashuwa ko Illela sai ya haɗa da kuɗin mota da masauki na makonni. In aka yi zancen gwamnati ta sa hannu, sai wani mai digiri ya taɓe baki ya ce ai mun riga mun yi yawa, Arewa haihuwa ce ta yi mata katutu, me za a yi da ƙarin jarirai? Wannan magana ce ta wanda bai taɓa zama kusa da matar da aka saka saboda rashin haihuwa ba. Don maƙwabciyarta ta haifi tara, ita ba ta da haƙƙin neman ɗaya? A inda ɗa shi ne fanshon tsufa, shi ne abin da ke tsayar da mace a gidan miji in ya mutu, shi ne bambancin tumunin da za ta gada da abin da zai dawo ɗakinta ta hannun 'ya'yanta, rashin haihuwa ya fi ciwo nesa ba kusa ba a kan yadda yake a Landan. Kuma tsadar ba wahayi ba ce. Wasu likitoci a Beljiyam, ƙarƙashin wani shiri mai suna Walking Egg, sun nuna tun 2013 cewa ana iya renon ɗan tayi a ƙaramin bututun gilashi, a samar da iskar da yake buƙata ta hanyar haɗa sinadarin tsamin lemo da bakin soda, ba sai da na'urori masu tsadar gaske ba, kuma an haifi yara lafiyayyu ta haka. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su ne wuraren da ya kamata a zuba kuɗi a irin wannan bincike, a kuma horar da likitoci mata da yawa a fannin, tunda kunyar buɗe jiki ga namiji tana cikin abin da ke hana wasu zuwa. Mafi arha duka shi ne rigakafi: a yi maganin ciwon sanyi da kyau ga miji da mata a tare, a haihu a wuri mai tsabta.

Marubutanmu ma suna da kaso a wannan. Sau nawa muka karanta littafi ko muka kalli fim inda matar da ba ta haihu ba ɗaya ce cikin biyu: ko muguwar uwargida mai bin bokaye don ta zubar da cikin amarya, ko baiwar Allah mai haƙuri da za ta yi ta kuka har babi na ƙarshe, inda za ta yi amai da safe a ce ai ciki ne? Ba kasafai ake ganin Alhaji zaune a bencin ɗakin gwaji da ɗan mazubi a aljihun babbar riga yana addu'ar kada ya haɗu da wanda ya sani ba, ko matar da ta san sakamakon mijinta ta rufa masa asiri shekara goma tana shan zagin danginsa. Irin waɗannan matan suna nan da yawa, likitocin mata sun san su. Labari yana kwance a nan ba a taɓa shi ba.

A 2024 jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin da ke jawo sikila. Shekaru ashirin da suka wuce da yawa za su ce ba zai yiwu ba, ga shi yau limamai suna neman takarda kafin su ɗaura. Ba mu ce a ƙara gwajin maniyyi a kan kowane saurayi ba. Amma idan magidanci ya zo neman 'yarku, dalilin da ya kawo shi ne matarsa ta shekara bakwai ba ta haihu ba, waliyyi yana da cikakken haƙƙi ya ce, "Alhaji, kai an duba ka?" In ya ce an duba, a ga takarda. In sakamakon farko bai yi kyau ba a ba shi wata uku ya sake, domin maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin sabo ya ƙeru, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya rage shi na ɗan lokaci. In ya fusata ya tashi ya kaɗe riga, an dai tsirar da yarinya ɗaya daga zama juya ta biyu a gidan.